Yadda Ake Zama Jami'in Hulɗa da Ƙasashen Waje a Jami'a

Wanda yake son riƙe wannan ofishi ya kamata ya fara daga sashen ɗaukar ɗalibai ko na rajista, domin a nan ne zai koyi tantance takardun karatun da aka samo daga tsarin ilimin da bai saba da shi ba. A ganina wannan ƙwarewa ta fi kowace takardar digiri amfani. Idan ɗaliba ta kawo sakamako daga Turai mai maki 180 na ECTS (tsarin ƙidaya nauyin karatu da jami'o'in Turai ke amfani da shi), dole jami'in ya san cewa maki 60 ne shekara guda ta cikakken karatu, wato shekara uku ke nan ta yi. Sannan ya naƙalci Tsarin Bologna na 1999 (wanda ya daidaita matakan digiri a ƙasashen Turai) da Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda ta ɗora wa hukumar da ke tantancewa nauyin nuna babban bambanci tsakanin takardar waje da ta gida kafin ta ƙi amincewa da ta wajen.

Digiri na biyu yana taimakawa, haka ma jin wani harshe da shiga ƙungiyoyin ma'aikatan ilimin ƙasa da ƙasa irin su NAFSA ta Amurka da EAIE ta Turai. Dokokin biza kuwa suna yawan sauyawa, saboda haka a riƙa duba su kafin kowane zangon karatu.