Yadda ake haɗa jan giyar Cahors da abinci

Duk wanda ya kama aikin hidimar tebur a gidan abinci a Faransa, ko da bai taɓa kurɓar giya ba, dole ya san wace kwalba ke tafiya da wane abinci, domin baƙo zai tambaya. Ni a kan Cahors aka fara koya mini, giyar da ake yi a gaɓar kogin Lot, kudu maso yammacin ƙasar. Tsabar duhunta ya sa tun da can ake kiranta baƙar giya.

Da farko karanta takardar jikin kwalbar. Idan ka ga Cahors, to aƙalla kashi 70 cikin ɗari na inabin da aka matse Malbec ne. Ragowar Merlot ne ko Tannat. Haka ƙa'idar take, kuma tun 1971 hukuma ta ba yankin kariyar sunansa. Mutanen wurin sukan kira inabin Malbec da sunan Auxerrois ko Côt, kada sunan ya ruɗe ka. Baƙi da yawa sun ɗauka Malbec ɗan Ajantina ne, saboda na Mendoza, wani yanki a ƙasar, ya fi suna a kasuwa. Daga Faransa aka kai shi can. A gida kuwa ya sha wuya: ƙwaron filoksera ya cinye gonakin a ƙarshen ƙarni na 19, sanyin 1956 ya sake kashe mafi yawansu.

Sai ka fahimci baurinta, domin shi ne tushen komai. Fatar Malbec tana ɗauke da sinadarin tanin mai yawa. Wanda ya taɓa tauna goro ya ji harshensa ya bushe, dasashi ya ɗaure, ya riga ya san abin da ake nufi. Maiƙo da nama su ke kwantar da wannan baurin, shi kuma baurin ya wanke maiƙon daga baki. Saboda haka kai tsaye ka nufi abinci mai nauyi.

Agwagwa ce kan gaba. Akwai cinyar da ake dafawa a hankali cikin kitsenta, wadda suke kira confit, akwai kuma ƙirjin da ake gasawa a bar cikinsa jaja-jaja, magret. Cassoulet ma ya dace, wato farin wake da aka daɗe ana dafawa da agwagwa da naman alade. In baƙo ba ya cin alade, ka sanar da shi tun kafin ya yi oda. Naman ɗan rago na Quercy, yankin da Cahors take, gasasshe da tafarnuwa, a ganina ya fi duka. Ga mai son cuku, a ba shi tsohon Cantal mai tauri.

Kifi kam a'a, yana sa ta ɗanɗanon ƙarfe a baki. Barkono ma haka. Na taɓa ba wani baƙo shawarar Cahors a kan naman da ya sha yaji, ina tunanin ai nama nama ne. Kurɓa biyu ya yi, hawaye suka cika masa ido, ya tura kofin gefe ya nemi ruwa. Giya ƙara wa yaji wuta take yi.

Daga nan sai sanyi. Digiri 16 zuwa 18 ake so. Idan ɗakin da zafi, sa kwalbar a firji kamar minti 20. In ta yi sanyi da yawa baurin ya fi fitowa, ƙamshin kuma ya ɓuya.

Giyar da ba ta wuce shekara 4 ko 5 ba, a juye ta cikin tulun gilashi awa ɗaya kafin a ci abinci, ta sha iska ta yi laushi. Tsohuwa kuma a tsayar da kwalbar tun ana gobe za a sha, guggubin ya kwanta, sannan a tsiyaya a hankali ana kallon wuyan kwalbar a gaban haske. Da zarar ka ga baƙi-baƙi ya taso, ka tsaya.

Wajen zubawa, fara ɗiga kaɗan ga wanda ya yi odar ya ɗanɗana. In ya gyaɗa kai, ka zuba wa sauran kashi ɗaya cikin uku na kofi, shi a ƙarshe. Kwalba mai santilita 75 tana ba da kofi 6.