Yadda ake gyara yagaggen shafi a tsohon littafi ba tare da an ƙara masa ciwo ba

Ranar da na fara aiki a ɗakin gyaran tsofaffin littattafai na laburaren jami'a, ni duk tunanina gam da almakashi za a miƙo min in hau aiki, ashe fensir ne da fom. Sai da na yi sati biyu ban manna komai ba, kallo kawai da rubutu. Daga baya na gane dalili, a aikin nan duk abun da ka saka ma littafi dole ya zama wanda wani zai iya cire shi nan da shekara hamsin ba tare da takardar ta ji ciwo ba, in ba zai ciru ba toh kar ma ka fara.

Toh matakin farko kenan, duba littafin ka rubuta halin da ka same shi. Shafi nawa ne ya yage, ɗinkin ya saki ko yana nan, bango ya rabu da jikin littafin ko a'a, akwai ramukan ƙwari, akwai tabon ruwa. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Da fensir ake rubutu, biro baya shiga ɗakin kwata-kwata. Ka wanke hannu da sabulu ka shanya shi sosai, kar ka shafa mai. Mutane na ganin kamar farar safar hannu ita ce ƙwarewa, gaskiya ga takarda hannu tsirara mai tsabta ya fi, don safa na hana ka jin gefen shafi sai ka yaga shi baka sani ba. Inda safar roba ta zama dole shi ne hotuna, da kuma littattafan ƙarni na 19 masu koren bango mai sheƙi ɗin nan, wasunsu da sinadarin arsenik aka rina su, guba ne, kar ka yi wasa da shi.

In ka ga funfuna ko alamar ƙwari masu rai, tsaya nan, ware littafin daga sauran ka faɗa ma babban mai gyara. Ƙwari dai akan rufe littafin a leda a saka a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na kamar sati guda, amma wannan ba hukuncin mataimaki bane.

Sai share ƙura. Buroshi mai laushi, kana sharewa daga tsakiyar littafin zuwa waje, a hankali, musamman can cikin lungu wajen ɗinki inda datti ke taruwa. Akwai wani soso na roba da ake dangwalawa a busasshe yana ɗauke baƙin datti, dangwalawa nace ba gogewa ba, kuma kar ya hau kan rubutun fensir ko zane. Dole a yi wannan kafin manni, don da zarar danshi ya taɓa ƙura ta shige cikin takarda kenan har abada.

Yanzu mu zo kan gam, nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Salatif haramun ne a wajenmu. Na taɓa ɓata kwana uku ina cire salatif ɗin da wani bawan Allah ya manna da kyakkyawar niyya shekaru da yawa da suka wuce, ledar ta faɗi da kanta amma gam ɗin ya nutse ya bar tabo ruwan ƙasa har rubutun bayan shafin ana hango shi, kuma tabon bai fita duka ba. Abun da ake amfani da shi sitacin alkama ne tsantsa. Kashi ɗaya sitaci, kashi huɗu ko biyar tataccen ruwa, ka ɗora a wuta kaɗan kana juyawa ba tsayawa har ya yi kauri ya ɗan yi garai-garai, ka bar shi ya huce, ka tace a rariya mai ƙananan ido, sannan ka dinga ƙara ruwa kaɗan-kaɗan kana murzawa da buroshi har ya saki. Kar ka dafa da yawa, kwana kaɗan yake yi ya lalace. Amfaninsa shi ne ko bayan shekaru ɗan danshi kawai zai sake shi.

Abun facin kuma siririyar takardar Japan ce da ake yi da ɓawon bishiyar kozo, zarenta dogo ne shi yasa take da ƙarfi duk da kana iya hango yatsanka ta cikinta. Ka zaɓi wadda bata kai shafin kauri ba, don in facin ya fi shafin ƙarfi toh shafin ne zai sake yagewa a gefen facin. Kuma ba a yanka ta da almakashi. Ka ja layi da jiƙaƙƙen buroshi siriri, ka ja ta rabu, bakin zai fito da gashi-gashi, wannan gashin ne ke kwanciya ya ɓace a jikin shafin.

Kafin manni ka gwada tawadar da ɗigon ruwa ƙanƙani a wani lungu ka danna takardar shan ruwa, in launi ya fito, dakata. Tsohuwar tawadar nan mai ƙarfe a ciki da ke komawa ruwan ƙasa ita ma bata son danshi, da kanta ma cin takarda take.

In komai lafiya, saka ƙyallen foliyesta mara kamawa a ƙarƙashin shafin, ka daidaita bakin yagewar. Ka lura da kyau, yawanci yagewa tana da leɓe, ɗaya na hawa kan ɗaya, in ka juya su haruffa ba za su haɗu ba. Shafa gam a jikin facin ba a shafin ba, ɗan kaɗan, ɗauko shi da hantsaki ka kwantar a gefen da rubutu ya fi ƙaranci, ka lallaɓa da abun goga na ƙashi. Sai ƙyalle a sama, takardar shan ruwa, sannan nauyi. Ka canza takardar shan ruwan bayan 'yan mintuna, ka sake canzawa, in ka yi gaggawar ɗagawa shafin zai tattare. In yagewar doguwa ce ko ta yi kwana, yi ta gutu-gutu.

Af, yawancin waɗannan ƙa'idojin sun ƙara kafuwa ne bayan ambaliyar kogin Arno a birnin Fulorans na Italiya ranar 4 ga Nuwamba 1966, lokacin da laka ta mamaye babban laburaren ƙasa na birnin, masu gyara daga ƙasashe daban-daban suka taru suna ceto littattafai.

Wani littafin kuma ba gyara yake buƙata ba. Takardun da aka yi da niƙaƙƙen itace daga wajen 1850 zuwa sama suna da asid, in ka lanƙwasa kusurwa sai ta karye kamar busasshen ganye, irin wannan faci baya riƙe shi. Sai ka auna shi ka yi masa akwati na kwali mara asid daidai jikinsa, a ajiye a ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 20, danshin iska kar ya wuce kashi 50 cikin ɗari sosai. Ko ka yi faci ko akwati, koma kan fom ɗin nan na farko ka rubuta shafin da ka taɓa, irin takardar, irin gam ɗin, da kwanan wata, sannan ka sake ɗaukar hoto.