Inda lissafin om da wat ke sukurkucewa

Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 layi ɗaya ce tal: V = I × R. V shi ne boltej, ana auna shi da bolt. I kwararar lantarki ce, da amfiya. R kuwa turjiya ce, da om. Wat ɗin da abu ke ci kuma P = V × I ne. Ko yaro zai haddace wannan. Ɓarnar tana cikin lambar da ake zubawa a ciki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da miliamfiya (mA), wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya (A). Mutum ya ga 20 mA a rubuce, ya raba bolt 12 da 20, ya sami om 0.6, ya ja layi. Alhali 20 mA ɗin 0.02 A ne, amsar gaskiya om 600 ce. Kuskuren ninki dubu kenan. Ka mayar da komai zuwa bolt da amfiya tun kafin ka taɓa kalkuleta.

Sai na boltej, wanda ya fi ban haushi don lissafinsa yana fitowa tsaf. Ka ɗauki batir mai bolt 9 da ƙaramin ƙwan LED ja, mai riƙe kusan bolt 2 kuma yana son 0.02 A. Da yawa sai su raba 9 da 0.02 su ce rezista, wato 'yar na'urar da ake jerawa da ƙwan don ta rage kwarara, ta zama om 450. A'a. Ƙwan ya riga ya cinye nasa 2, abin da ya rage a kan rezista 7 ne, wato om 350, sai ka ɗauki mai 360 ko 390. V ɗin da ke cikin dokar na abin da kake lissafi a kansa ne kaɗai, ba na batir gaba ɗaya ba. Kada ka tsaya nan: 7 × 0.02 ya ba da wat 0.14, don haka rezista mai rubu'in wat za ta ɗauka. Masu tsallake wannan mataki su ne ke jin ƙauri daga baya.

A ɗaya hanyar lissafin wat, P = I² × R, I ake ninkawa da kansa, ba da 2 ba. Amfiya 3 a om 10 wat 90 ne, ba 60 ba. Shi ya sa in kwarara ta ninka biyu, zafin waya ke ninka huɗu.

Akwai kuma masu zargin mitarsu ta awon bolt, amfiya da om a banza. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 a bolt 230, lissafi ya ce om 882 ko kusa. Ka auna shi a sanyi, abin da mita za ta nuna bai fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Mitar lafiyarta ƙalau, zaren tungsten ne turjiyarsa ke hawa in ya yi zafi.

Wajen awo ma, kwarara sai an yanke layi an jera mita a ciki. Ka bar ta a kan amfiya ka dafa bakunan batir biyu, fiyus ɗinta ya tafi. Turjiya kuma ba a auna ta da wuta a kunne.