Darasi na 9: Jaririn da aka haifa da gajeren hannu ko ƙafa

A wata unguwa ta Tawa an haifi yarinya, hannunta na hagu ya tsaya a gwiwa, ba tafi ba yatsu. Kafin ranar suna, magana ta cika gida. Wata ta ce uwar ta fita da magariba, wata ta ce ta yi wa gurgu dariya tana da ciki. Uwar mijin ce ta goya jikarta, ta ce: "Ƴata, share hawayenki, taso mu tafi likita."

Hannuwa da ƙafafu suna tsirowa tsakanin mako na 4 da na 8 da shigar ciki. A lokacin ɗan tayi bai kai tsawon babban yatsa ba, sau da yawa ma mace ba ta san ta ɗauka ba. Abin da ya taɓa shi a waɗannan makonni, shi ake gani ranar haihuwa.

Duniya ta koyi wannan da kuka. A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus. Masu ciki sun sha shi don barci da laulayi. An haifi jarirai sama da 10,000 a ƙasashe da dama, wasu tafin hannunsu manne da kafaɗa. Sai a 1961 likitoci biyu, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostireliya, suka nuna maganin ne, aka janye shi. Ku lura, waɗannan mata ba su yi laifin komai ba, abin da aka ce musu lafiya lau ne suka sha.

Wani lokaci kuma fatar da ke kewaye da ruwan mahaifa ce ke yagewa, wani siririn zare ya naɗe yatsa ko hannu, jini ya kasa wucewa. Akwai na gado, kamar cindo da ake gani a zuri'a ɗaya. Ciwon suga da ba a kula da shi ba, da shan taba, da wasu magungunan farfaɗiya, duk suna ƙara haɗarin. Amma a jarirai da yawa bincike ba ya gano dalili. Ko a Faransa, da aka yi ta magana a 2018 kan jariran da aka haifa ba hannu a yankunan Ain da Morbihan, masana sun bincika ba su kama sanadi ba. To ina hujjar mai ɗora wa uwa laifi?

Da kin ga ɓatan wata, ƴar'uwa, ki bar sayen ƙwaya a hannun masu talla a faranti, ki fara awon ciki da wuri. Mai farfaɗiya kada ta tsai da maganinta da kanta, ta gaya wa likita tun kafin ciki. Maigida, kuɗin mota da rakiya naka ne.

In an haifi jariri ƙafarsa a murɗe ciki, kada a jira ya girma. Ana miƙar da ita da filasta tun makonnin farko, kuma asibitin yara na CURE a Yamai yana wannan aiki.

Aikin aji: a makonni nawa ne gaɓoɓi ke tsirowa? Kowa ya rubuta abin da zai ce wa maijegon nan ta Tawa in ya je barka.