Yadda ake samun jan inabi mai launi da zaƙi a gonar iyali

A yankin Bordo na Faransa akwai gidajen da suka gaji noman inabi kaka da kakanni, suna matse shi su yi jar giya. Masu wannan sana'a sun yarda da abu guda: abin da ya lalace a gona ba a gyara shi a wurin matsa. Manomin Kudan da Hunkuyi a jihar Kaduna nasa inabin na ci ne, ba ruwansa da giya, amma dabarun gonar suna da kusanci ƙwarai. Babbar matsalarsa ita ce inabi ya nuna amma ya ƙi yin ja sosai, ya fito a koɗe, ga tsami. Yawanci lokacin datsa da yawan kayan da aka ɗora wa kuranga ne ke jawo haka.

Dashe da rumfa

A zaɓi ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, domin saiwar inabi tana ruɓewa a fadama mai laka. A yanko reshe mai kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, daga kuranga mai lafiya wadda aka ga 'ya'yanta da ido. A haƙa rami mai zurfin santimita 60, a cika da ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin gargajiya; ɗanyen taki yana janyo gara. Tazarar mita 3 tsakanin layuka da mita 2 tsakanin tsirrai tana ba da kuranga wajen 1,660 a hekta. A shekarar farko a bar reshe guda ya hau har kan rumfa mai tsayin mita 2, a riƙa cire tohon gefe. Duk furen da ya fito a wannan shekara a tsinke shi.

Datsa sau biyu

Nan ne zuciyar aikin. A Turai sanyin hunturu ne ke sa kuranga ta zubar da ganye ta huta. A nan babu irin wannan sanyi, don haka almakashi ne ke tsara mata lokaci. Manoman Nashik a Indiya, waɗanda yanayinsu ya yi kama da namu, suna datsa sau biyu, kuma tsarin ya dace da arewa.

Datsa ta farko a watan Afrilu take, bayan girbi. A yanke kowane reshe a bar masa ido ɗaya ko biyu. Rassan da za su fito su ne za su ƙosa a damina, kuma ba a barin 'ya'ya a kansu. Mai kwaɗayin girbi biyu a shekara zai samu na damina ya fashe ya ruɓe, na rani kuma ya zo da rauni.

Ta biyu a watan Oktoba take, da zarar ruwa ya ɗauke. A zaɓi rassan da suka koma ruwan ƙasa suka yi ƙwari, a bar ido huɗu zuwa takwas gwargwadon irin, a cire sauran ganyen. Daga datsa zuwa girbi akan ɗauki wata huɗu ko da ɗan ɗoriya. Wato 'ya'yan za su fara juya launi a Janairu, lokacin da daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 15. Jan launi a cikin ɓawo yake taruwa, kuma sanyin dare ne ke taimaka masa. Zafin da ya haura digiri 35 yana hana shi. Wanda ya yi jinkiri har Disamba, nunar inabinsa za ta faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, kuma babu takin da zai maido masa da launin.

Rage kaya

Wannan ne matakin da ya fi yi wa manomi ciwo, ganin yana yanke abin da zai zama kuɗi. Su ma manoman Bordo da yawa sukan bi gona a watan Yuli suna zubar da ɗanyun nonnan inabi domin sauran su nuna da kyau. Ganye ne ke haɗa sukari, kuma kowane nono yana bukatar ganye lafiyayyu wajen 15. A bar nono ɗaya a kowane sabon reshe. Idan 'ya'yan suka kai girman wake, a sa ƙaramin almakashi a rage na ciki da ƙananan, har a ga nonon yana lilo in an girgiza shi. Nonon da ya cunkushe, 'ya'yan tsakiyarsa ba sa yin launi, daga nan kuma ruɓa ke farawa. A cire ganye biyu ko uku da suka rufe shi don iska ta ratsa, amma a bar masa inuwa ta wajen yamma kada rana ta ƙona shi.

Ruwa da taki

Daga datsa zuwa girman 'ya'ya kada ƙasa ta bushe. Da an ga launi ya fara juyawa, a rage ban ruwa, a kuma daina sa yuriya: tana ƙara ganye ne, ta jinkirta nuna. Fotash ake so a wannan lokaci. Ruwa mai yawa bayan kuranga ta sha ƙishi shi ke fasa 'ya'ya.

Cututtuka

A damina akwai funfunar da ke sa ɗigo-ɗigo kamar na mai a saman ganye, ƙasansa kuma ya yi fari. Maganinta haɗin Bordo ne, wanda masanin tsirrai Millardet ya fito da shi a shekarun 1880: kilo 1 na shuɗin sinadarin tagulla da ake kira kofa salfet, kilo 1 na farar ƙasa irin wadda ake kira laim, lita 100 na ruwa. A narka kowanne daban a robar ruwa, ban da bokitin ƙarfe, sannan a zuba na tagulla cikin na farar ƙasa ana motsawa. A tsoma wuƙa mai tsabta na minti ɗaya. In ta fito da ja-ja a jikinta, a ƙara farar ƙasa, in ba haka ba zai ƙona ganye. A fesa a ranar da aka haɗa, kuma ban da lokacin fure.

A rani wata funfunar ce ke zuwa, mai kama da an barbaɗa toka. Ita farar wuta mai narkewa ake fesa mata, giram 2 a lita, da sassafe ko da yamma, domin a tsakar rana tana ƙona ganye. Tsuntsaye da jemagu kuwa sai raga, a kuma rufe tun launi bai gama fitowa ba.

Girbi

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi, sabanin mangwaro da ayaba. Launi kuma yakan riga zaƙi zuwa, don haka kada ido ya yanke hukunci. A ɗanɗana 'ya'yan can ƙasan nono, a duba ƙwallon ciki ko ya koma ruwan ƙasa. Mai na'urar auna zaƙi ya jira ta nuna 16 zuwa 18 a ma'aunin sukari da ake kira Biriks. Masu matsa a Faransa sukan jira 22 ko fiye. A yanka da sassafe, a riƙe ta wajen tsinken don kada farar hodar da ke jikin ɓawo ta goge, domin masu saye suna duba ta. A jera a kwando mara zurfi, hawa ɗaya ko biyu, a kai inuwa nan take, kuma kada a wanke sai ranar ci.