Yadda Nake Dafa wa Mai Ciwon Ƙoda Kayan Lambu

Idan ƙoda ta gaza, sinadarin fotashiyam kan taru a jini, kuma in ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya. Shi ya sa tun da mahaifina ya fara wankin ƙoda nake sa ido a kan tukunyarsa.

Dankali, tumatir, alayyafo da ayaba suna ɗauke da shi sosai. Kabeji, albasa da kokwamba sun fi sauƙi. Dankali nakan fere shi, in yanka siriri-siriri, in jiƙa a ruwan ɗumi mai yawa aƙalla awa 2, in ɗauraye, sannan in tafasa a sabon ruwa. Ruwan tafasar nan ku zubar da shi, kada ku ji asararsa ku juye a miya, a cikinsa fotashiyam ɗin ya koma. Duk da haka ragewa kawai aka yi, sai a zuba masa dankalin kaɗan.

Gishirin da ake tallata wa masu hawan jini galibi da fotashiyam ake haɗa shi, ku duba jikin kwalin. Karambola kuwa, ɗan itacen nan mai siffar tauraro, ko ɗanɗanawa kada ya yi, gubarsa ƙwaƙwalwa take taɓawa. Yawan ruwa da naman da zai ci, likita ne ke ƙayyadewa bisa gwajin jini.