Yadda ake haɗa makullin ma'aikata da ke mutuwa ranar da mai gida ya tare

Idan ana gini, ɗan makulli hannu nawa yake bi? Birkila, kafinta, mai fenti, mai wayarin, kowa da nasa. An gama, sai mai gida ya sake kashe kuɗin canza makullai. A Amurka sun daɗe da magance wannan da dabarar ƙananan ƙwallayen ƙarfe, wadda kamfanin Kwikset ke kira Protecto. Ba zan tsaya dogon bayanin fil da sifirin ba, wato ƙananan sandunan ƙarfe, na ƙasa da na sama, da sifirin ke dannawa su hana makulli juyawa sai haƙoran ɗan makullin da ya dace sun daidaita su, tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista tun 1861 ne, duk mai wannan sana'a ya san shi.

Fara da ciro zuciyar silindar makullin ka duba, wato ɓangaren da ɗan makulli ke shiga ya juya. Dole ka ga wani ɗan rami marar zurfi a gefen layin ramukan fil. Idan babu shi, ajiye ta. Kada ka ce za ka huda da kanka don rage kuɗi, ramin da ya kauce kaɗan ya lalata silindar.

Yanka 'yan makulli biyu iri ɗaya, sai a haƙori guda ka zurfafa na ma'aikata. Jera fil ɗin ƙasa daidai da na mai gida. A ramin fil da ke saitin haƙorin da ka zurfafa, ɗora ƙwallaye uku a kan fil ɗin, su cike giɓin. Da makullin ma'aikata suna zaune cikin zuciyar, ƙofa ta buɗe. Ranar da na mai gida ya shiga, sai ya tura su sama, yana juyawa su faɗa ramin gefe, ba su sake fitowa. Daga nan makullin ma'aikata ya zama ƙarfe kawai.

To ga inda yara ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Na taɓa haɗa silinda takwas na wani gida, na ce bari in tabbatar kowace tana aiki, na bi su ɗaya bayan ɗaya da makullin mai gida. Da safe kafinta ya tsaya bakin ƙofa yana murɗawa, ko motsi. Da hannuna na kashe su duka. Gwajin makullin mai gida ana yin sa ne kafin ƙwallaye su shiga. Da zarar sun shiga, saka shi a ambulan ka liƙe, kada ya kwana kan teburin aikinka ma. Haka wajen mayar da zuciyar cikin gidanta, makullin ma'aikata ne zai kasance a ciki. Sandar da kake tura zuciyar da ita ta manne mata, kada ka bar giɓi.

Shimfiɗa tawul kafin ka fara, ƙwallayen nan ba su kai ƙwayar gero ba, wanda ya faɗi ƙasa ya tafi. Hantsakin da ke da maganaɗisu ba na yarda da shi. Giris kuwa sam, yana riƙe su su ƙi faɗawa.

Sauran mai sauƙi ne. Mayar da zoben baya da ke riƙe zuciyar, gwada da na ma'aikata sau biyu, ɗaura a ƙofa. Ka gaya wa mai gida ranar tarewa ya bi kowace ƙofa ya murɗa hagu da dama, sannan ya gwada tsohon ya ga ya ƙi.